Wufa mai ɗaukewa tana dawowa: yadda na gano bakin zaren

Kayan sauti da ya mutu murus ya fi sauƙin sha'ani a kan wanda yake yi yana fasawa. Wanda ya mutu, fiyus za ka fara dubawa, ka bi wayar wuta, kuma duk abin da ka taɓa nan take za ka san ko ya yi amfani. Tawa wufar kuwa, wato sifikar da ke fitar da sautin ƙasa mai nauyi da ake kira bes, yawancin lokaci lafiyarta ƙalau. Ana tsakiyar kallo sai ka ji sautin ya yi fayau, muryoyi na nan, kiɗa na nan, amma nauyin da ke ƙarƙashinsu ya tafi. Can an jima ya dawo, wani lokaci da ɗan ƙaras daga cikin akwatin, wani lokaci babu ko alama.

Wufar irin mai amfilifayarta a jiki ce. Sifika ɗaya ce mai faɗin inci 12 a cikin rufaffen akwati, sai farantin ƙarfe a baya ɗauke da mamurɗin ƙara, mamurɗin kurosoba mai kafa iyakar sautin da za ta fitar, makunnin da ke juyawa tsakanin 0 da 180 don juya fuskar motsin sifikar, wani makunnin mai On da Auto, da 'yar fitila. Waya ɗaya mai kan RCA ce ta taso daga risiba, na'urar da ke rarraba sauti ga sifiku, ta shiga ramin bes da aka rubuta wa LFE. Aikin wufar bai wuce sautin ƙasa ba, daga wajen 20 Hz, inda jin ɗan Adam yake farawa, zuwa kusan 80 Hz. Wannan ne ma ya sa ɗaukewarta ke da wuyar kamawa. Kunne ba ya iya nuna daga inda bes yake fitowa, kuma ba ka jin lokacin da ya tafi, sai daga baya ka ji rashinsa.

Abin da ya fi yi mini amfani a duk aikin nan ita ce 'yar fitilar, kuma ita ce ba na gani, domin tana baya tana kallon bango. Na karkato akwatin, na sa ƙanena ya zauna kusa da shi, ni kuma ina kujerata da takarda da biro. Duk lokacin da na ji bes ya tafi sai in tambaye shi. «Yaya, ja ce,» in ji shi a wasu lokutan. A wasu kuma sai ya ce, «Yaya, ai kore ce, ba ta canza ba.» Ina rubuta kalar fitilar, da abin da ake kallo, da ƙarfin muryar da aka sa. Bayan 'yan kwanaki takardar ta rabu gida biyu ƙarara. Ja tana zuwa ne da dare, an rage murya, ana kallon shirin da surutu ya fi yawa a cikinsa, kuma bes ba ya dawowa sai an zo wurin da aka buga wani abu mai ƙarfi, shi ma sai ya makara da daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kore kuma tana zuwa ne an ɗaga murya, wufar na cikin aiki sosai, sai ta yanke tsagal, ta dawo, ta sake yankewa.

Ashe cuta biyu ce take da alama ɗaya. Da na bi shawarar da aka fi bayarwa, a canza waya a gani, da na yi ta zagaye, domin duk wadda na magance ɗayar za ta ci gaba da sa ni shakka.

Duk da haka wayar na fara kawarwa daga lissafi, saboda ita ce mafi sauƙi. Na rage mamurɗin ƙara, na zare kan RCA daga bayan risiba, na ɗora yatsa a kan tsinken tsakiyarsa. Wufar ta yi gurnani, irin ƙugin nan na 50 ko 60 Hz da jikin mutum ke kwasowa daga wutar gida. Hakan ya nuna wayar na kai saƙo, amfilifayar kuma na amsawa. Na lanƙwasa wayar daga wannan kai zuwa wancan yatsana na kan tsinken, gurnanin bai yanke ba. Na sa wata wayar dai don in huta da zargi, na matse bakin fulogin da ya ɗan saki, na canza soket ɗin wuta. Babu abin da ya sauya.

Sai na koma kan jan fitila. Idan makunni na kan Auto, akwai wani ɗan sashe a cikin wufar da ba ya barci, aikinsa sauraron ramin shiga. In ya ji sigina ya kai wani ƙarami na 'yan milibolt, sai ya tashi amfilifayar. In kuma aka ɗauki lokaci bai ji komai ba, galibi tsakanin minti 10 zuwa 20 ya danganta da ƙirar, sai ya kashe ta fitila ta koma ja. An yi haka ne don tsimin wuta, kuma a Tarayyar Turai ma doka ce ta kafa iyaka, tun 2013 yawancin kayan lantarki na gida ba za su ja fiye da rabin wat ba idan suna zaman jira. Tsarin ba shi da laifi. Matsalar ita ce yana kama da maigadi mai nauyin barci, raɗa ba ta tashinsa. Idan siginar da risiba ke turowa ta yi rauni, wufar za ta ɗauka babu kowa ko da kuwa ana cikin kallo.

To me ya raunana siginar? Na shiga saitin risiba, wurin da ake nuna ƙarfin kowace sifika, na tarar wufa tana kan -11 dB, alhali iyakar ƙasa a risibar -12 ce. Ita risibar ce ta sa wa kanta wannan lamba lokacin da aka auna ɗakin da makirfo. Mamurɗin ƙara na bayan wufar yana sama da rabi a lokacin, makirfon ya ji bes ya yi yawa, risiba ta danne abin da take turawa har ya daidaita da sauran sifikun. A kunne komai daidai yake, domin abin da aka rage a nan an ƙara shi a can. Amma shi sashen da ke sauraro yana kafin mamurɗin ƙara, abin da ya shigo ta waya kawai ya sani, ba ruwansa da yadda za a kumbura shi daga baya. Idan aka zo aka rage murya da dare, siginar da dama can siririya ce sai ta faɗi ƙasa da abin da zai iya ji.

Maganin juya lissafin ne. Na sauke mamurɗin wufar zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, na sake sa risiba ta auna ɗakin. Wannan karon ta tsaya a -5 dB. Bambancin 6 dB a sigina daidai yake da ninka bolt sau biyu, ga shi ƙarfin bes ɗin da ke fitowa bai canza ba. Wanda wufarsa ke da ramuka biyu, L da R, yana da wata hanyar: ya sa waya mai rassa biyu ta shiga duka, a yawancin ƙirori ana haɗa su ne a ciki, sai a sami ƙarin kusan 6 dB ɗin. Akwai kuma hanya mafi gajarta, a mayar da makunni kan On a huta. Ni ban so haka ba, saboda amfilifayar za ta kwana ta yini da ɗumi a cikin rufaffen akwati, kuma zafi shi ne babban abokin gabar kayan da ke ciki. Amma a matsayin gwaji yana da kyau ƙwarai. In ka sa On ɗaukewar ta daina, ka san inda matsalarka take ba tare da ka kwance ko kusa ɗaya ba.

Ina cikin saitin ne na ga wani abin da ya ƙara wa Borno dawaki a ɓangaren raunin siginar. Sifikun gaba biyu an sa su a kan Large. Ma'anar wannan a wurin risiba ita ce su ɗauki sautinsu gaba ɗaya har da bes, kada a tura wa wufa komai daga rabonsu. A fim mai 5.1 na Dolby Digital ko DTS, wufar tana da nata layin, shi ne «.1» ɗin, wanda ke ɗauke da sautin da bai wuce 120 Hz ba. Sai dai layin nan ba kullum yake da kaya ba, ana iya yin dogon zango a fim babu komai a cikinsa. Kiɗa ko shirin talabijin mai layi biyu kuwa ba shi da shi sam. Ke nan akwai lokutan da wufar ba ta ɗauke ba, ba a aiko mata da komai ba ne. Na mayar da su Small, na sa kurosoba a 80 Hz kamar yadda ƙa'idar THX ta sautin sinima ta tanada, na murɗe kurosoban bayan wufar zuwa ƙarshe don kada a tace sautin sau biyu. Kalmar Small ba raini ba ce ga sifika komai girmanta, umarni ne kawai cewa abin da ke ƙasa da 80 Hz a miƙa wa wadda aka yi dominsa.

Daga nan jan fitila a tsakiyar kallo ya ƙare. Saura koren, kuma shi ne ya ci mini lokaci.

Kore na nufin wuta na nan, wufar a farke take. Tun da na riga na wanke wayar, zargina ya koma gaba da wurin sauraron, tsakanin amfilifaya da sifika. Don in cire risiba daga zance gaba ɗaya, na haɗa wayata ta hannu kai tsaye da wufar, na kunna sautin gwaji na 50 Hz mai tafiya bai ɗaya. Kiɗa ba ya yi wa irin wannan bincike, yana hawa yana sauka, ba ka sanin shirun na waƙar ne ko na na'urar. Shi kuwa sautin gwaji in ya yanke, ya yanke. A ƙaramar murya ya daɗe yana tafiya lafiya. Ina ɗagawa har akwatin ya fara rawa a hannu, sai ga yankewar.

Zargina na farko zafi ne. Amfilifaya na da kariyar da ke kashe ta in ta yi zafi fiye da kima, ko in aka ja wutar da ta fi ƙarfinta. Na janye akwatin daga bango, na dafa farantin baya a daidai lokacin da ta yanke. Ɗumi ne kawai, hannu na zama a kai ba damuwa. Sannan yanayin yankewar bai yi kama da na zafi ba. Kariyar zafi in ta kama, sai ƙarfe ya huce kafin ta saki, ana maganar mintuna, kuma a ƙirori da yawa fitilar na canza kala ko ta riƙa ƙiftawa. Tawa tana iya dawowa cikin rabin daƙiƙa, kuma tana yi ko daga kunna ta ne da sanyinta. Abin da ya yanke hukunci shi ne da ta yi shiru na bugi saman akwatin da tafin hannu, sautin ya dawo nan take. Na sake jira ta ɗauke, na sake bugawa, ya sake dawowa. Abin da bugu ke gyarawa ba saiti ba ne, ba zafi ba ne, wani wuri ne ƙarfe biyu ke haɗuwa suna rabuwa.

Akwai abin da ya kamata in ambata a nan domin yana ruɗa mutane. Da sautin gwajin na tafiya, in na zagaya ɗakin, akwai inda nake tsayawa bes ya kusa ɓacewa, in matsa taku biyu ya dawo da ƙarfinsa. Wannan halin ɗaki ne. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka tsawon zangon 50 Hz ya kusa mita 7, yana bugun bango ya dawo ya ci karo da kansa, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani wuri su kashe juna. Wanda kujerarsa ta faɗa irin wannan rami zai rantse wufarsa na ɗaukewa a wasu waƙoƙin. Bambancewa ba wuya: ɗora yatsa a hankali a gefen sifikar. In tana motsi kai ne ba ka ji, matsar da akwatin ko kujerar, ko ka gwada makunnin 0 da 180. Tawa in ta yi shiru, tsayawa take cak.

Na zare fulogi daga bango, na bar ta ta kwana, sannan na kwance kusoshin sifikar na ciro ta. Kawunan wayoyin da ke maƙale a bayanta a matse suke. Na zare su, na sa mita a kan om, ta nuna 3.4, wanda daidai ne ga sifikar da aka rubuta wa om 4, domin awon mita kullum yana ɗan gazawa da lambar da ke jiki. Amma lamba mai kyau a zaune ba ta wanke sifika. Akwai wasu siraran wayoyi biyu saƙaƙƙu da suka taso daga inda ake maƙala waya suka shiga jikin takardar sifikar, wato fuskarta mai motsi, zuwa koyil, naɗin wayar da ke motsa ta, su ne ke lanƙwasa duk motsin da sifikar ta yi, sau 50 a daƙiƙa a sautin gwajina, kuma sukan gaji su tsinke daga ciki alhali a ido lafiya suke. Na bar mitar a haɗe, na ware yatsu kewaye da tsakiyar takardar na danna ta ciki a hankali na saki, na ja kowace wayar kaɗan. Lambar na rawa lokacin da takardar ke motsi, wannan dole ne tun da koyil na haifar da 'yar wuta in ya motsa cikin maganaɗisu, amma ba ta taɓa tsallakawa ta nuna layi ya yanke ba. Ban ji gogayya ko ƙarar karce ba, babu warin ƙuna. Da na taɓa mata batir mai bolt 1.5 ta yi tsalle gaba yadda ya kamata. Sifika ta fita.

Saura farantin baya. A nan ina so a ji ni da kyau. Manyan kafasitocin da ke ɓangaren wuta suna riƙe caji bayan an zare fulogi, kuma inda wutar gida take bolt 230, abin da ke kansu yana kai wa wajen bolt 325. Wannan yana kisa. Duk da ta kwana a zare, sai da na auna su da mita na ga sun sauka kafin hannuna ya kusanci fanel ɗin, wato allon da kayan lantarkin ke like a kai. Wanda bai saba da irin wannan aiki ba, ya tsaya a nan, ya ɗauki farantin ya kai wa mai gyara, ya gaya masa fitila na kore, sifika lafiya, bugu na dawo da sautin. Da wannan bayanin kaɗai ya rage masa rabin aiki. Haka duk wanda kayansa ke cikin garanti, kada ya kwance.

Na fara da ido. Kafasitoci ba wadda kanta ya kumbura ko ta zubar da ruwa. An rubuta musu 105°C, abin da ya kwantar mini da hankali, domin masu 85°C sun fi saurin bushewa, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Gam ɗin da aka manne manyan kaya da shi yana nan da haskensa. Akwai wani irin gam mai ruwan ɗorawa da in ya tsufa yake komawa baƙi-baƙi ya fara wuce da wuta yana cin ƙafafun kayan da ke kusa, shi na nema ban gani ba. Na murza mamurɗan gaba da baya, tun a gwajin farko ma ba su yi ƙarar yashi ba, don haka ban zarge su ba.

Na juya fanel ɗin ta bayansa, inda ƙafafun kaya suke a like da dalma, na kawo fitila mai haske da gilashin ƙara girma. Ban bi ko'ina da ko'ina ba. Na nufi kayan da suke da nauyi, da masu zafi, da waɗanda ake ja ana turawa: ramukan RCA, rile (makunnin da wuta ke kunnawa), soket ɗin wayar sifika, da koyil ɗin fita. Amfilifayar ajin D ce, irin wadda ke kunnawa tana kashewa sau dubbai ɗaruruwa a daƙiƙa, don haka dole a sa mata koyil da kafasita a bakin fita su tace wannan saurin su bar sauti zalla. Duk wutar da za ta je sifika ta cikin koyil ɗin nan take bi, kuma shi ne ɗaya daga cikin mafi nauyi a kan fanel ɗin, tsaye a kan ƙafafu biyu. A ɗaya ƙafar na ga wani siririn zobe baƙi ya kewaye ta a cikin dalmar. Kai tsaye ba ya ganuwa, sai na karkata fitilar haske ya zo ta gefe. Na sa tsinken katako na tura koyil ɗin ta ɗaya fuskar, ƙafar ta motsa a cikin dalmarta.

Komai ya zauna daram da abin da takardata ta nuna. A ƙaramar murya ƙafar na jingine da dalmar, wuta na wucewa. In akwatin ya fara girgiza sai tsagar ta buɗe, layi ya yanke, fitila kuma ba ta da labari tun da ita ƙofar shiga take gadi. Bugu na mayar da ƙafar mazauninta. Kuma ba abin mamaki ba ne a wufa, domin amfilifayar a manne take da akwatin da aikinsa ke nan girgiza, ga ɗumi da sanyi na sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke shekara da shekaru.

Gyaran kansa bai kai binciken wahala ba ko kusa. Ban ɗora sabuwar dalma a kan tsohuwa ba, sai da na zuƙe tsohuwar tas, na kankare baƙin da tartsatsi ya bari a ƙafar, na shafa fulas, maganin da ke sa dalma ta kama, sannan na like sabuwa. Fanel ɗin da dalma marar gubar aka yi shi, kamar yawancin kayan da aka ƙera tun bayan dokar RoHS ta Turai a 2006, kuma ita sai wajen 217°C take narkewa, ba kamar tsohuwar mai 63/37 da ke narkewa a 183°C ba. Ƙafar koyil mai kauri ce, tana kan faffaɗan tagulla da ke shanye zafi, don haka ƙaramin ƙarfen liƙi ba zai iya ba, dalmar za ta dunƙule a sama ba ta kama ba, bayan watanni a dawo gidan jiya. Na yi amfani da mai faffaɗan baki, na jira har ta kwanta ta hau ƙafar da kanta. Tun da na riga na buɗe, na sabunta ɗaya ƙafar, da ƙafafun rile, da na soket ɗin sifika, sannan na sa ɗan gam na silikon marar asid a gindin koyil ɗin don nauyinsa ya daina rataya a kan dalma kaɗai.

Wajen mayarwa na kula da robar da ke kewaye da farantin da ta bakin sifikar, domin rufaffen akwati in ya sami 'yar kafa sai ya riƙa huci yana fito, bes ɗin kuma ya saki. Na ɗaure kusoshin ɗaya nan ɗaya can a gicciye, na tabbatar jan waya ya koma inda aka sa alamar +, na ɗaure wayoyin ciki don kada su riƙa kaɗa jikin katako. Na kunna 50 Hz a ƙarfin da yake yanke ta a da, na bar shi ya daɗe, na bubbugi akwatin ta sama da ta gefe, ban ji ko ƙyas ba. Na sauko 30 Hz inda takardar ke tafiya mai nisa, na hau 80, duk lafiya. Sai na mayar da ita mazauninta, na bar tazarar tafin hannu tsakanin farantin da bango don iska, na sake sa risiba ta auna ɗakin tun da akwatin ya ɗan matsa, ta ba ni -5.5 dB, makunni kuma na bar shi a kan Auto.